Azara, Katako ko Ƙarfe: Wace Rumfa Ce Za Ta Jure Gara da Ranar Damagaram?

Ƙanena ya gama katange filinsa da ke bakin hanyar Mirya, ya dasa lemun tsami biyu da gwaba da layin zogale, sai ga shi ya turo mini hoto ta WhatsApp da daddare. Rumfa ce ta katako a wani lambu na ƙasar Turai: ƙafafu huɗu, a sama an jera sanduna da tazara kamar haƙoran mataji, furanni sun hau sun lulluɓe gefe guda. Wai sunanta fargola. Ya rubuto a ƙasa: "Yaya, irin wannan nake so a tsakiyar shukokin. Wane katako zan saya?" Na ce ya bari sai mun haɗu, amsar ta fi ƙarfin saƙon waya. Na riga shi binne kuɗi a rairayi a kan wannan sha'awar, don haka abin da na gaya masa shi zan rubuta a nan, ko wani ya amfana kafin ya kira kafinta.

Kafin maganar katako, akwai maganar rana. Wanda ya kafa rumfar da ke hoton nan yana son rana ta riƙa leƙo shi ne, a tace masa ita kaɗan-kaɗan. Mu kuwa gudunta muke yi. Damagaram tana kusa da digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, idan rana ta take tsaka inuwar mutum ƙarƙashin ƙafarsa take shigewa. Na Afrilun nan ya faɗo daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40. To a ce kowace sanda faɗinta a tsaye santimita 10 ne, kaurinta 5, an bar tazarar 10 tsakaninsu. Cikakkiyar inuwa sai kafin tara da rabi na safe, sai kuma bayan uku da rabi. Da azahar kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙasa zai samu inuwa, sauran biyun rana ce tsagwaronta. Wannan ma sai an jera sandunan daga kudu zuwa arewa. Idan aka kwantar da su gabas da yamma, an shimfiɗa wa rana hanya ke nan, za ta bi tsakaninsu tun hantsi har la'asar. Saboda haka surar hoton za a iya ɗauka, amma dole a ɗora mata rufi. Zan dawo kan rufin. Ƙafafu ne farko, don su ne suka kayar da ni.

Rumfata ta fari na yi ta da abin da mai katako ya rantse mini jan katako ne. Ja ne kuwa a ido. Muka haƙa rami huɗu, muka shafa wa gindin baƙin mai, muka binne, muka daddage da ƙafa. Damina ɗaya ta wuce lafiya, har na fara ba mutane shawara. A ta biyu, wata la'asar ina zaune ina jiran shayi ya nuna, sai na ga wani siririn layin ƙasa ya hau ƙafar da ke kusa da randa, kamar an zana da yatsa. Na kankare shi da makullin babur, makullin ya nutse har rabi. Na danna da babban yatsa, fentin ya lotsa kamar ɓawon ƙwai, ciki ba komai sai laka da gara fari fat suna kai da kawo. Inda ya karye na ga ainihin launinsa: fari ne, rina shi aka yi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ni dai kwashe tabarmar yaran nan daga ƙarƙashi." Ba a yi mako uku ba hadari ya taso daga gabas, iskar da ke zuwa kafin ruwa ta kwantar da rumfar a kan zogalena. Araha ba ta ado, amma ni ko arahar ban samu ba, kuɗin ja na biya.

Tun daga nan, duk katakon da zan saya sai an fere mini gefensa da wuƙa na ga cikinsa, sannan in ɗaga in ji nauyi. Farin katako, wanda masu sana'a ke cewa samba ko obece, sakayau yake, farce ma yana shiga. Yana da amfaninsa wajen zubin kankare da silin na cikin ɗaki, amma a waje abincin gara ne da ƙwaron nan mai huda itace yana zubo da gari. A cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ko da na sandunan sama ne.

Jan katako na gaskiya suna ne da ya tattara itatuwa da yawa, kuma ba ɗaya suke ba. Loko, wato iroko, shi ne gaba wajen jure gara da ruwa. Maɗaci yana biye, kyakkyawa ne idan an goge, sai dai bai kai loko juriya a ƙasa ba. Duk wanda aka samu, a duba gefuna: inda launin ya koɗe ya yi fari-fari, ɓangaren bayan itacen ne mai taushi, gara daga nan take farawa ko a jikin loko. Alherin katako shi ne yana bin umarni. Ana yanka shi daidai, a huda, a sassaƙa bakinsa ya yi lanƙwasar nan ta hoto, kuma shi kaɗai zai ba ƙanena kamannin da ya gani ya ƙyasa. Aibinsa biyu ne. Na ɗaya kuɗi: daga dazuzzukan kudu yake zuwa, yawanci ta Najeriya, don haka farashinsa yana rawa da canjin naira da sefa da kuma halin da iyaka ke ciki, kamar yadda muka gani da aka rufe ta a 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Na biyu ruwan jikinsa. An yanke shi a ƙasa mai laima, sau da yawa yana isowa bai gama bushewa ba, ya tarar da hunturun da ke tsage leɓe da diddige. Sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsattsage daga baki. Wanda ya saya yau ya kafa gobe, bayan wata uku zai ga ƙusa tana lilo a raminta. Maganin shi ne a saya da wuri, a jera a inuwa da ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a bar shi wata ɗaya ko biyu. Wanda zai murɗe ya murɗe tun yana ƙasa.

Sai azara, wadda ni zuciyata ta fi karkata gare ta. Bayan faɗuwar rumfar na je wurin wani tsohon magini a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, irin waɗanda suka gaji aikin soro. Na same shi a zaure, na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa masa. Bai yi dariya ba, ya dai ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa rufin da ke kanmu, ya ba da sauti kamar ƙarfe.

"Ɗana, wannan ubana ya tarar da ita a nan. Ka ga gara a jiki?"

"Ban gani ba, Baba."

"To ba kowace azara ba ce. Ka nemi ta namijin giginya, daga gindi, baƙa mai nauyi. In ka ga fari da yawa a cikinta, bargo ne, bar musu kayansu."

Maganarsa tana da tushe. Ƙarfin giginya a bayan gangar jikinta yake, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe, tsakiyar kuwa taushi gare ta, kuma an san namiji ya fi mace tauri. Ana yi mata kirari da na nesa ka sha inuwarki, to idan ta zama azara na kusa ma ya sha. Rana ba ta dame ta ba, hunturu ba ya murɗa ta, ba ta neman fenti. Amma tana da taurin kai. Ba ta miƙe sumul ba, ba ta karɓar ƙusa, ko ƙusar ta lanƙwashe ko azarar ta tsage, sai dai a huda da na'ura a sa noti ko a ɗaure da waya. Tsinkayenta suna shiga hannu kamar allura, dole a goge duk inda yaro zai taɓa. Magina ba sa barin ta ta haye fiye da wajen mita 2 idan za ta ɗauki rufin ƙasa. A ƙarƙashin zana nauyin kaɗan ne, za ta ɗan ƙara, amma ni ba zan kai ta mita 3 ba tare da tokari ba. Ga kuma wuyar samu. Babban dajin giginya na ƙasar nan yana can Dallol Mawri wajen Gaya, nesa da mu ƙwarai, kuma itace ne da doka ta kare. Hanya mafi sauƙi kuma mafi tsabta ita ce tsohuwar azara: duk inda ake rushe ginin ƙasa za a yi na siminti, a je a taya. Ta riga ta ci jarrabawar shekaru. Gangar goriba ma ana amfani da ita, ta fi kusa da mu, amma ita ma ba a sare ta kai tsaye.

A nan ne zan ja kunnen mai son kirya. Kowa ya san kirya, itacen turmi da gawayin maƙera, in an kafa ta dirka sai dai jikoki su gaji. Amma ta yi ƙaranci, kuma dokar gandun daji ta 2004 ba ta bar mutum ya sari irin waɗannan itatuwa yadda ya ga dama ba. Mu a Damagaram ma abin ba baƙo ba ne: ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ya ɗora wa mai saran gawo, kuma gawon da ya cika gonakin Mirya da Magarya da Matamaye yau manoma ne suka raine shi da sassaben zamani. Duk wanda ya kawo maka gungumen kirya ɗanye cikin dare, ka tambaye shi takardar ma'aikatan gandun daji. In babu, rigimar a gidanka za ta kwana.

Bedi, wanda wasu ke cewa dogon yaro ko darbejiya, shi ne na talaka, kuma bai kamata a raina shi ba. Dangin maɗaci ne, jan cikinsa yana da ɗan juriya ga gara, ga shi ko'ina a gari, ana samun rassansa duk lokacin da aka yi wa itatuwa aski. Matsalar ita ce reshe ƙarami kusan duk farin baya ne, kuma da wuya a samu miƙaƙƙe. Zai yi rumfa mai gwafa irin ta gargajiya, mai daɗin zama, amma ba zai yi ta hoto ba. Sandunan itacen turare sun fi shi miƙewa, suna da kyau a jera a sama, sai dai suna tsagewa idan sun bushe da sauri, a ƙasa kuma ba sa daɗewa.

Ƙarfe fa? Ƙanena ya yamutsa fuska da na ambace shi, wai rumfar za ta yi kama da ta masu gyaran babur. Ina ganin bai yi masa adalci ba. Gara ba ta da abin yi da shi, mai walda zai gama ƙafafu huɗu a yini guda, kuma a garin da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba tsatsa ba ta da gaggawa, in dai an shafa jan fentin kariya an toshe bakin bututun daga sama. A nemi mai kusurwa huɗu, faɗin santimita 6 ko 8, kaurin bango kada ya gaza milimita 2, don akwai na gwangwani da yawa a kasuwa. Laifinsa da azahar ba ya taɓuwa, kuma ido ba ya hutawa a kansa kamar yadda yake hutawa a kan itace. Ana iya rage wannan da fenti mai ruwan ƙasa, ko a naɗe shi da igiyar kaba daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa. Na ga an yi haka a wani gida, sai da na taɓa na gane ƙarfe ne.

Ko wanne aka zaɓa cikin itace, sharaɗi ɗaya ba ya canzawa: kada ya taɓa ƙasa. A haƙa rami mai faɗin santimita 40 da zurfin 60, a zuba kankare, a ɗaga shi ya haura ƙasa da kamar taki ɗaya, a dasa ƙarfe mai baki biyu a ciki, ƙafar ta zauna a tsakaninsa a ɗaure da bulon biyu, wato noti, da ƴar tazara a ƙasanta don ruwa ya wuce. Wannan dakalin ba ya hana gara zuwa, tilasta mata yake ta gina hanyarta a fili inda tsintsiya za ta same ta. Binne itace a cikin kankaren kansa kuskure ne da ake yawan yi: itacen yana tsukewa, tazara ta buɗe, ruwan ban shuka ya taru a ciki. Baƙin mai kuma na daina, bai ceci rumfata ba, ga shi guba ne a ƙasar da za a ci ganyenta. Wanda filinsa ya faɗa kan dutse, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, shi aikin ya zo masa da sauƙi ta wani gefe: a huda dutsen a kafa ƙarfen a ciki.

Girma kuwa, mita 3 da mita 4 ya ishi tabarma biyu da kujeru. Yana da wani daɗi wajen awo: idan igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ba da mita 5 cif, kusurwoyin sun daidaita. Tsayi mita 2 da rabi, don zafin rufi ya yi nesa da kai. Ƙafar katako santimita 10 kowane gefe, manyan katakan da za su haye sama 5 da 15 a tsaye, bibbiyu suna rungume da ƙafar. A gefen mita 4 ɗin ko a ƙara ƙafa a tsakiya ko a sa tokari mai ƙwari a kusurwoyi. Tokarin nan kafintoci suna son tsallake shi wai yana ɓata kyau. Shi ne ke hana rumfa durƙusawa.

Yanzu rufi. Tol, wato kwano, yana tare ruwa, ba ya neman canji, amma da rana yana sauko da zafi kamar an kifa maka tukunya, sai an yi masa shimfiɗar tabarma ko zana ta ƙasa. Kuma iska tana son sa. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana tura kowane murabba'in mita da nauyin da ya kusa kilo 50, a rufin mita 12 an haura rabin tan ke nan, kuma sau da yawa sama take ɗagawa. Wanda ya zaɓi tol, to ƙafafu da bulon ɗinsa su zama na gaske, gefen da ya fi ƙasa ya fuskanci gabas inda hadari ke fitowa.

Zanar gamba ita ce sarauniyar sanyi. Iska tana ratsa ta, zafi ba ya taruwa, in guguwa ta yi tsanani ita ce za ta yage ta bar ƙashin rumfar a tsaye, asarar ƴan kuɗi kaɗan. Ba ta tare ruwan sama sosai, tana zubo da ƙura, kunama da ƙadangare suna son ta, kuma bayan damina biyu ko uku ta yi baƙi sai a sake. Wuta ce babbar abokiyar gabarta, don haka murhun shayi ya zauna a bakin rumfa, ba a tsakiya ba. A saye ta da kaka lokacin da ciyawa ke sabuwa, a ninka biyu, a danne da sanduna a ɗaure da waya. Wanda ba ya son ganin gashin zana daga ƙasa, ya fara shimfiɗa asabari a kan sandunan sannan zanar a bisa. Daga ciki sai ka rantse silin ne. Wani asabarin kuma a rataya a yamma, a riƙa sakinsa bayan la'asar, kudu maso yamma a bar shi a buɗe don iskar damina daga can take busowa.

Furannin hoton su ne suka fi ba ni tausayi. Soso da duma suna hawa rumfa da kansu, su yi kore shar, amma da damina, lokacin da gajimare ya riga ya yi rabin aikin. Kafin bazara sun bushe. Abin da zai yi ganye a Afrilu sai ya sha ruwa a Afrilu, watan da famfo ke yin kwanaki shiru ana layin ƴan garuwa. Garin da ya daɗe yana jiran ruwa daga rijiyoyin Gogo da Arunguza ba ya rufe rumfa da ganye kaɗai. Bugenbil, furen nan mai hawa katanga, tana jure ƙishi idan ta kafu, tana da ƙaya dai, kuma tana yin nauyi da shekaru. A dasa guda ɗaya nesa da ƙafa da kamar kamu biyu, a mai da wurin wajen alwala, ta rayu da wannan ruwan. Ado ce, inuwar tana wuyan zana.

Da muka zauna da ƙanena na ce masa, in kuɗi sun isa: loko tun daga ƙafa har sama, a kan dakali, a shafa masa mai ko fenti mai haske, ban da banis, don rana tana ɓare shi cikin shekara guda. In sun yi tsaka-tsaki, kuma nan yawancinmu muke: ƙafafun ƙarfe, jan katako a manyan layukan sama, azara ko turare a jere, zana a kai. In kuma aljihu ya yi nauyin tashi, bedi mai gwafa da zana, amma shi ma a kan siminti. Tawa ta yanzu ƙafafunta tsohuwar azara ce bibbiyu a haɗe, kuma duk ƙarshen hunturu ina zagayawa da sifana in ƙara ɗaure noti.

Ya yi shiru yana kallon hoton, sannan ya ce, "To Yaya, lanƙwasar bakin sandunan fa? Ita ce ta burge ni." Na ce wannan aikin rabin yini ne ga kafinta, in dai katakon ja ne na gaske. Ranar Alhamis za mu shiga kasuwa tare, na ce ya taho da wuƙarsa.